Ɓarawon Furen Kuɓewa

"…lahiya lau, ya gajiyar hanya? Ya mutanen Maradi? Madalla, madalla." Sai a nan Inna ta ɗaga kai daga faifan da ke cinyarta, ta kare ido da tafin hannu, ta ƙare wa mai gaishe ta kallo tun daga hula har takalmi. "Af, ashe kai ne. Maido mani da gaisuwata, na aza mutum ne."

"Ni ma na aza amaryata zan iske," in ji Rashidu, yana durƙushe bai tashi ba, "sai na ga an shanya tsohon zane a gindin dogon yaro. Gwaggo, ina kuka kai mani matata?"

"Matarka ta yi yaji tun damina. Ba ta zaman aure da ɓarawo," in ji Inna.

Haka suke tun yana rarrafe. Rashidu jikan Inna Kande ne ta wajen ɗanta na fari, Yaya Isaka, ni kuwa Hasiya ni ce autarta, gwaggon yaron. Ranar sunansa Inna ta karɓe shi ta jujjuya, ta ce wannan mijin ba zai iya ciyar da ita ba, a mayar da shi inda aka samo. Shi kuma da bakinsa ya buɗe, kafin ya iya cewa Baba ya iya cewa tsohuwa. To amma a wannan karon wasan da ƙaiƙayi a cikinsa, don sata dai an yi ta, kuma ido na ganin ido.

A daminar da ta wuce, kuɓewar Inna ta bayan gida tana tsakiyar fure, Rashidu ya zo hutu daga jami'a. Wata rana da hantsi, furen ya gama buɗewa ke nan, ya faki idonta ya shiga da reza da 'yar kula cike da ƙanƙara, ya yanke abin da ya yanke, ya haye moto sai Maradi. Wanda bai san ƙauyenmu ba zai ce mene ne abin faɗa a fure. Mu nan kudancin Gazawa fure ba ado ba ne. Furen kuɓewa kuɓewa ce da ba ta gama isowa ba, furen wake wake ne, kuma ba mai kai masa hannu sai akuya ko wanda kansa ya taɓu. Ƙaramin yaro ma in ya tsinka sai ya sha rankwashi. Sai ga saurayi da gemunsa, wanda aka yi shekara da shekaru ana aika wa gari da ƙuli-ƙuli lakol, wato makarantar boko, shi ya aikata. Inna ba ta bar gidan suna ba, ba ta bar bakin rijiya ba, ko'ina sai da ta kai ƙara, har masu tallan nono sun san ta rabu da mijinta.

Abin da ya kawo shi gida a tsakiyar bazarar nan kuwa ba biko kaɗai ba ne. Ya gama karatunsa na aikin gona, kuma ɗakin binciken da ya yi koyon aiki a ciki, wanda su suke kira labo, sun ce ya zauna tare da su su ƙara tura shi horo, amsarsa kawai suke jira. Aikinsu shi ne busar da furannin shukokinmu na gargajiya yadda kamanninsu ba za su canza ba, don ɗalibai da manoma su gan su rani da damina, su san wane iri ne wane. Yaya Isaka ya ce shi bai kai ɗa lakol don ya ƙare a tsinkar fure ba. Ga butik ɗinsa, shagon kayan masarufi, a kasuwar Gazawa yana neman mai tsaro, yaro ya dawo ya zauna. Rashidu kuwa ba zai taka ko nan da ƙofar gida ba sai da albarkar ubansa. Da muka matsa wa Yaya da roƙo, sai ya ce to a kai maganar gaban Inna: in ita da aka yi wa ɓarnar ta ce wannan sana'a ce, ya yarda, in ta ce shirme ne, magana ta ƙare. Yayana mutumin kirki ne, amma in yana so ya ce a'a, bakin wani yake arowa. Ya san sarai tsohuwar cike take, shi ya sa ya zo ya shimfiɗa buzunsa a inuwar rumbu yana jan carbi kamar ba shi ya haɗa zaman ba.

Kuma a rasa wadda za a kawo wa shari'ar shanya sai Inna. Duk garin ba wanda ya kai ta. Kuɓewarta in ta yanka ta shanya tana kaiwa wata damina ba ƙwaro ba fumfuna, kauɗarta ta tumatir har daga Cadawa ake aikowa a roƙa, kuma ita da kanta take faɗa, ba ta jira a yabe ta. A ranar ma busasshiyar kuɓewa ce a faifanta tana tsince mata tsakuwa.

"Na ji an ce wai kai ma ka zama mai shanya," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ina tabarmarka?"

"Ba ni da ita."

"Faifai?"

"Babu."

"To bisa wane rufi kake bazawa? Wa ke kore maka kaji?"

"Tsohuwa, ni shanyata ba ta son rana. Da sanyi nike yi."

Inna ta ajiye faifan a hankali, ta juyo wajena ta tambaye ni ko a Maradi akwai mai maganin taɓin hankali na kirki, ko kuwa sai an kai shi Katsina. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin wanda ya jiƙa abu don ya bushe ba, kuma in haka boko yake, gara da aka bar ta da jahilcinta. Rashidu ya ce jahilcin nata ai ya tsufa har ya fara furfura, lokacin yaye shi ya yi. Ta ce furfurarta ta fi gemunsa tsada, don nata gashin aƙalla ya cika kai, nasa kuwa kamar gonar da fari ya ci. Ya ce wannan gemun 'yan matan jami'a layi suke yi su kalla. Ta ce ai dole, ba kullum ake ganin bunsuru da diplom ba. A nan carbin Yaya Isaka ya ɗan tsaya, na ga kafaɗarsa tana rawa, amma ya maze.

Sai yaron ya gyara zama ya shiga yi mata bayani, ni kuma na matso da kujerata don ni ma ban taɓa fahimta ba. Ya ce da farko ana sa furen a sanyi mai tsananin da ya fi na firigon masu sayar da ƙanƙara nesa ba kusa ba, har ruwan da ke jikinsa ya daskare a inda yake, ganyen yana buɗe yadda aka yanko shi. Daga nan a rufe shi a wata tukunyar ƙarfe mai ƙofar gilashi, inji ya zuƙe iskar da ke ciki kaf. In ba iska, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa, tashi take yi a hankali ta bar furen tsaye. Rana kuwa, in ji shi, tana fitar da ruwa ne tana murɗe ganye, shi ya sa duk abin da Inna ta shanya yake fitowa da kamanninta.

"Ja'iri. To tsaya. Ƙanƙara ta tashi ba ta zama ruwa ba? Hiffike gare ta?"

"Kahur ɗin da kike sawa cikin adakarki, ina yake zuwa?"

"Ƙarewa yake."

"Ya taɓa jiƙa maki zane?"

Inna ta kau da kai. Ni na san wannan kau da kan, na wadda aka taka wa ƙafa ne a cikin taro. Can ta nisa ta ce yanzu ta gane inda kafur ɗinta yake tafiya shekara da shekaru, ashe ɓarawon tun yana ƙarami ya fara. Ya ce shi in zai yi sata a adakar nan ai sai dai ya sato ƙamshin tsufa. Ta ɗaga muciya, ya ja da baya yana dariya.

"Ki kwantar da hankalinki, amarya. In na samu babban inji ke zan fara sawa. Ki tsaya yadda kike, kar ki ƙara lalacewa."

"Ka makara, ɗan nema. Da za ka yi, da ka zo ranar da aka kawo ni garin ga. Ranar nan mai jaki ya hwaɗo daga jakinshi garin kallo, liman ya ɗaura aure ya manta bai yi fatiha ba. Yanzu mi ya rage da za ka adana? Kauɗa?"

"Kauɗa ma ai da ita ake miya."

"Ka ji shi. Yunwa ce ta maido shi, ba so ba."

Ta faɗa tana dariya, amma na ga ta shafa bayan hannunta, ta ɗan daɗe tana kallon fatar. Rashidu ma ya gani. Sai ya jawo jakarsa ya ciro wani abu nannaɗe da tawul, ya warware a hankali, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsa da ita.

Kwalba ce mai faɗin baki, an toshe murfinta gam. A ciki furen kuɓewa ne guda ɗaya, a buɗe, ganyensa ruwan ɗorawa mai haske, tsakiyarsa ja mai duhu, har ɗan garin nan da zuma ke kwasa yana nan a kan tsinkensa. Ku tuna bazara ce. Bayan gida ba komai sai karan bara da ƙasa mai ƙuna, awaki suna cin takarda, ko ganye ɗanye sai an je fadama. Furen kuɓewa kuwa kowa ya sani, da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya naɗe, washegari ya faɗi. Ga shi nan a gabanmu kamar yanzu aka yanko shi da raɓarsa. Ni dai ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma, na ce a raina wannan ɗan gidanmu ne ya yi.

Inna ta ɗauki kwalbar da hannu biyu, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta juya ta gefe, ta leƙa ta ƙasa. Har Yaya Isaka ya miƙo wuya daga inuwar rumbu. Ta daɗe tana dubawa, har na fara murna. Sai ta dangwarar da ita.

"Roba ce."

"Tsohuwa!"

"Robar Najeriya ce, irin wadda amaren yanzu ke ɗorawa bisa tele. Na gani gidan ɗiyar maƙwabciyata Delu, har da mai kama da huren kabewa. Ka saci nawa ka kai ya ruɓe a hanya, ka ji kunya, ka shiga kasuwa ka sayo wanga. Kai da ubanka duk 'yan kasuwa ne, shi dai ya fi ka gaskiya."

Yaya Isaka ya koma ya jingina, ya ce shi dama bai ce komai ba, amma duk wanda ya san kayan ƙetare ya san babu abin da ba a ƙerawa yanzu. Haushi ya kama ni har na ji kamar in watsa masa ruwan buta. Ita kuwa Inna ba mugunta take yi ba. Abin da ta sani ke nan: abin da ya bushe yana yin baƙi ya motse, abin da bai motse ba bayan wata da watanni, to ba Allah ya halicce shi a gona ba. Iyakar gaskiyarta ta faɗa, kuma da wannan gaskiyar za a rufe yaro a butik yana auna sukari.

Rashidu ya rantse, ta ce ɓarawo dama da rantsuwa yake yawo. Ya ciro salula zai nuna mata hoton injin, ta ce a salular nan ta taɓa ganin akuya tana tuƙa mota, don haka ya mayar aljihu. Ya ce ta dubi jijiyoyin ganyen, wace roba ce ke da su. Ta ce masu yin robar ba makafi ba ne. Daga ƙarshe ta buga murfin da ɗan yatsa.

"Buɗe."

"Ba a buɗewa. Laima ce abokiyar gabarshi, ko gumin hannu sai shi ɓata shi."

"To ɗauke kayanka. Ni abin da ban taɓa da hannuna ba, ba ni yi mashi shaida."

Ya dube ni, na dube shi. A hanya da na tare shi ya riga ya gaya mini cewa a cikin duk waɗanda ya yanka wannan ne ya fi fitowa da kyau, shi ne wanda manyansa suka gani suka ce ya zauna, kuma aro aka ba shi, da sharaɗin ya mayar yadda ya ɗauka. In ya buɗe, furen ya tafi, sai ya koma ya yi bayani da bakinsa, kuma ba wani sai wata damina. In bai buɗe ba, ba ma komawar. Wasan ya ɗauke daga fuskarsa ɗif, ya zama ƙaramin yaron nan da nake goyo. Ya sa gefen rigarsa ya kama murfin, ya murɗa har ya saki.

"Ga shi, amarya. Ki yi a hankali, ya fi ki rauni."

Ta zura yatsu biyu ta ɗauko. Na ga mamaki ya gifta mata, don ba nauyi ko kaɗan, kamar ta ɗauki fiffiken fara. Ta shinshina, ta taɓe baki. Ta ɗan matsa gefen ganye ɗaya, ya ce ƙaras ya ɓalle. Yaya Isaka ya ce to ba roba ba ce, takarda ce, Sinawa sun iya wannan ma. Inna ba ta kula shi ba. Ta dubi ɓallen da ke hannunta, sai kawai ta jefa shi a baki.

Rashidu ya dafe kai. Ya ce wata da watanni na aiki, ga inji, ga kuran, wato wutar lantarki, ga rashin barci, ashe duk abincin tsohuwa yake dafawa, tsohuwar ma da ba ta da haƙorin taunawa. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Muka zuba mata ido tana mamular abin da dasashi, tana juya shi a harshe, idonta a lumshe kamar mai ɗanɗana gishirin miyar biki. Kaza ta zo ta saci kuɓewa a faifai ba wanda ya kore ta. Can sai muƙamuƙin ya tsaya. Ta buɗe ido, ta kai babban yatsa da manuni bakinta, ta kamo, ta ja a hankali. Wani siririn zare ya biyo yatsun, ya miƙe, ya yi ta miƙewa yana ƙyalli a rana bai tsinke ba.

"Yauƙi," ta ce, can ƙasa-ƙasa. Ta sake ja, ta sake kallo. "Roba ba ta yauƙi. Takarda ba ta yauƙi."

Ta haɗiye, ta goge yatsun a zane, ta gyara ɗaurin kallabinta, sai ga muryarta ta dawo daidai.

"Kuma wanga yauƙin nawa ne. Kuɓewar Delu ko shekara ta yi a tukunya ba ta ja haka. Kai yaro, kar ka yi ta hura hanci. Ba injinka ba ne, irin ne mai kyau. Ka sa ta wani a ƙanƙara ka gani in ba ta mutu ba."

"Na ji. Injin banza ne, ni ma na banza ne. A rubuta a labo cewa Kande ce ta yi."

"A rubuta da manyan baƙi."

Daga nan ta juyo wajena. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Isaka ba tun da ta haife shi, kuma ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane, kunyar ɗan fari. Ko yana zaune a gabanta sai dai ta ba wani saƙo. Ta ɓallo wani ganyen ta miƙo mini ta ce in kai wa wancan na gindin rumbu ya sa a baki, tunda shi ne masanin kayan ƙetare. Na kai masa da hannu biyu, da ladabin da ban taɓa yi masa irinsa ba. Ya so ya ƙi, ya dubi inda uwarsa take, ya karɓa. Muna kallo ya tauna, ya sa hannu ya share gemu, zaren ya biyo hannun.

"Hasiya, hwaɗa ma yayanki," in ji Inna, tana kallon abin da ya rage na furen a tafinta. "Tun ban kai aure ba nike shanya. Na iya tsare miya ta kai baɗi, wannan ba wanda zai gwada mani. Amma duk abin da na shanya sai ya mutu tukuna nike adana gawarshi. Huren ga kuwa kullum damina ina ganinshi da hantsi, in ce bari in gama aiki in dawo in kalla, kafin in dawo ya rufe. Ban taɓa tsai da ko guda ba. Yaron ga ya kamo hantsin damina ya kawo mani cikin bazara. In wannan ba sana'a ba ce, to ni ma ban taɓa yin sana'a ba. Shi nemi mai auna mashi sukari."

Na juya zan maimaita, don haka ake yi, Yaya ya ɗaga mini hannu alamar ya ji. Sannan ya kira Rashidu da sunansa, ya ce ya matso. Yaron ya je ya durƙusa, uban ya ɗora masa hannu a ka ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi ya riƙe aikin da kyau, kuma in an tambaye shi ɗan wane ne ya faɗa da ƙarfi. Muryarsa ta ɗan shaƙe a ƙarshen, sai ya fake da tari ya ce yauƙin ne ya maƙale masa. Ni guɗa ce ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta don kar maƙwabta su ɗauka haihuwa aka yi, na koma ina share ido da bakin mayafi.

Rashidu ya dawo gaban Inna, idonsa ja, amma bakin bai mutu ba. Ya ce to yanzu da ta cinye masa jarrabawa, me zai mayar wa manyansa, kwalba ba kowa? Ta ce ya gaya musu uwar gidansa ce ta duba aikin ta sa hannu, in suna da ja su zo su same ta. Ya ce a wane asibiti aka taɓa jin an duba aiki da dasashi. Ta ce a wanda aka haifi ubansa. Ta mayar da guntun furen cikin kwalbar da kanta, ta murɗa murfin iya ƙarfinta, ta tura ƙarƙashin zanenta. Ya miƙa hannu, ta buge shi. Ta ce wannan ya zama na masu shi, kuma yau da la'asar sai Delu ta zo ta gani da idonta, ta ga abin da mijin wasu ke yi, ba irin nata jikokin masu gyaran taya ba.

"Ashe an maida auren ke nan."

"An maida, don ba mai kwasarka in ba ni ba." Ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar tsakuwa, tana murmushin da take ƙoƙarin ɓoyewa. "In ruwa ya sauka, kunyar kuɓewar da ke jikin danga ta gabas taka ce. Kak ka taɓa sauran, in na kama ka sai na karya maka reza. Kuma ka zo da kularka ka tashe ni mu shiga tare."

"Mi za ki yi mani a ciki? Ki rage mani sauri?"

Sai a nan dariyar ta ƙwace mata, har faifan yana rawa a cinyarta.

"In nuna maka na yanka, sakarai. Wata da watanni kana wahala a kan wanga, alhali duk cikin gonar munanan ka sata. Da ka tambaye ni, da na ba ka wanda ya fi shi kyau."